Kafin ki zaɓi waƙar wunin biki, ki fara duba su waye za su zauna a wajen

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata za a aurar bayan an gama girbi a wani ƙauye ta wajen Jahun, gidan mai mata za ta shiga, uwargidan shekararta tara a gidan. Ni aka ɗora wa maganar kiɗan ranar wuni, mai dijen yace in turo masa waƙoƙin da muke so, ƙawayenta kuma sun haɗo min sun fi hamsin. Dan Allah ta yaya zan tantance wadda ta dace?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Ni wannan ita ce sana'ata, shekara goma sha huɗu kenan ina jigilar sifika da inji daga wannan gari zuwa wancan, tsakanin Ringim, Taura, Garki, Gumel har Jahun ɗin da kika ambata, so da yawa ma a bayan mashin in hanya bata shiguwa da mota. Naji daɗin tambayar nan sosai dan yawanci sai bayan an yi ɓarna ake zuwa tambaya.

Waƙoƙi hamsin ɗin nan ki ajiye su gefe tukuna. Ki samu takarda ki zauna da innarku ko wata gwaggo mai hankali, ku rubuta su waye za su zo wunin, musamman ɓangaren ango, kuma a gaban kowa ku tuna me yake ɗauke dashi a zuciya. Uwargida zata zo ko 'yan uwanta ne za su wakilce ta? Tana da 'ya'ya ko Allah bai bata ba? Ƙanwarki akwai wanda ya fara nemanta aka mayar masa da kaya, kuma yana garin? Iyayen ango suna raye? Akwai wadda aurenta ya mutu kwanan nan a dangi? Da wannan takardar zaki auna kowace waƙa, ba da daɗin kiɗanta ba.

Dalili kuwa, bikin ƙauye ba bikin hol na cikin Kano bane da mutum ɗari biyar za su taru rabi basu san juna ba, waƙa ta zo ta wuce ba wanda ya ɗauka da shi ake. A wajenmu kowa ya san tarihin kowa, an san wadda ta yi yaji sau uku, an san gonar da aka jinginar aka yi lefe, to duk kalmar da ta fito daga sifika sai ta samu mai ita, ko kin yi niyya ko baki yi ba. Hausawa suka ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma haka mutane za su ɗauka, ba wanda zai yarda cewa tsautsayi ne ko dije ne ya danna bai sani ba. Sannan sifika bata san zana ba bata san katanga ba, tsohuwar da bata fito ba tana ɗaki tana ji, dattawan da suke ƙofar masallaci suna ji. Kuma manyan nan namu kunnensu na magana ne, da Shata da Ɗanmaraya Jos suka taso a rediyo, waƙar da ake zama a bi baiti baiti a ciro ma'ana. 'Yan mata suna bin kiɗa da ƙafa, su kuma suna bin zance da kunne, kuma su ne za su riƙe shi har bayan shekara.

Matsalar farko da zaki samu a cikin hamsin ɗin nan, na tabbata, ita ce waƙoƙin da amshinsu na biki ne amma cikinsu ba na biki ba. Yawancin waƙoƙin nanaye dan fim aka yi su, kuma a wani gurbi na labarin aka saka su, sau da yawa wajen da aka raba masoya, ko aka yi wa yarinya auren dole tana kuka tana tuna wanda take so, ko saurayi ya zo bikin tsohuwar budurwarsa yana mata fatan alheri da baki zuciya na ƙuna. Kiɗan mai zafi ne, amshin akwai amarya akwai ango, shikenan 'yan mata suka haddace amshi suka ce waƙar aure ce, ai daƙiƙa talatin ɗin da ke yawo a TikTok kawai suka sani. Ki bari ta kai baiti na uku kiji inda ta juya. Shi yasa dokata ta farko, waƙa sai an ji ta daga farko har inda kiɗan ya mutu, ba tsallake, kuma ba lokacin da kike girki ko hira ba, ki sa abin kunne ki zauna. In wata kalma ta shige miki ki mayar baya. Waƙa ɗaya minti biyar ce zuwa shida, hamsin ɗin a dare uku kin gama su, kuma da yawa tun a baitin farko zaki watsar.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta shafe ku kai tsaye, maganar uwargida. Duk waƙar da ta ambaci kishiya ta kowace fuska ki cire ta, ko da wasa aka yi maganar. Sannan ki cire 'yan uwanta, wato waƙoƙin maƙiya da mahassada, irin masu cewa ana so ba a so an ɗaura, masu baƙin ciki sai dai su mutu, ta zo ta ƙwace gida, sabuwa ta kori tsohuwa. Na san su ƙawaye suka fi so dan su ke tada fili, kuma a bikin saurayi da budurwa ma ni bana son su balle a nan. A bikinku kalmar maƙiya mutum ɗaya take nufi a kunnen kowa, ko da baiwar Allahn nan bata taɓa cewa uffan ba.

Bari in faɗa miki abinda ya faru a hannuna, shekaru sun ɗan ja amma har yau yana damuna. Wani wuni ne irin naku sak, uwargida ta yi halin girma ta turo ƙannenta da matan yayyenta, sun yi anko sun zo da gudummawa, suna shigowa fili sai babbar ƙawa ta zo ta raɗa min in sa wata waƙa, tana cikin wadda ake yayi a lokacin, ni kuma na san abinda ke cikinta amma na biye mata dan kar ace dije ya cika iyayi. Ana kaiwa wajen habaicin ƙawaye suka ɗau shewa suna nuni da gefen da baƙin suka zauna. Ba wanda ya yi faɗa, matan nan tashi kawai suka yi suka yafa mayafansu suka fita, abincin da aka zuba musu ko taɓawa basu yi ba. Ni an biya ni na naɗe wayoyina na tafi, ƙawaye kowa ta koma gidan ubanta, yarinyar nan ita kaɗai aka kai gidan, tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya, rijiya ɗaya da matar da aka ci wa fuska a bainar jama'a. Daga baya naji irin zaman da aka yi, kuma laifina yana ciki dan da na ce a'a da ba a yi ba. Tun daga ranar ko nawa za a liƙa min bana sa irin wannan.

Wani zai ce ai habaicin kishiya tsohon abu ne a bikin Hausa, ga amada nan. Gaskiya ne, kiɗan ƙwarya na mata cike yake da shi, marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013 ta yi suna a wannan fanni kuma ba mai raina fasaharta. Amma ki duba yadda ake yin amada, cikin gida ne, mata zalla, zabiya tana kallon fuskokin mutane, in ta ga wata ta ɓata rai ta san yadda zata juya baiti ta wasa ta har ta taso ta yi liƙi a yi dariya a wuce. Filashi bashi da ido, abinda aka ɗauka a sitidiyo shi zai faɗa ko wa ke zaune, kuma da ƙarar da za a ji har bayan gari.

Haihuwa ma ki kula da ita. Addu'ar zuri'a ɗayyiba abu ne mai kyau kuma kusan kowace waƙar aure tana da ita, wannan ba komai. Amma in uwargidan bata haihu ba a shekara taran nan, ko mata kawai take haifa ana ta ƙananan maganganu, to waƙar da ta zauna kan wata tara sai suna, ko amarya zata cika gida da 'ya'ya, ko ta kawo magaji, wuƙa ce. Baiti ɗaya na addu'a a wuce ya isa. Haka in amaryar ko wata ta kusa bazawara ce a guji masu yi wa zawarci dariya. In kuma akwai tsohon manemi a garin a guji masu cewa na yi nasara wani ya rasa, dan samari suna tsaye a gefen fili kan mashinansu, kuma yawancin faɗan da nake gani a wajen biki daga irin nan yake tashi.

Waƙar uwa kuma, wadda ake sawa amarya ta rungume mahaifiya a yi kuka, in mahaifiyarku na raye ki sa, tana da kyau ƙwarai dab da tashi. In ta rasu ki tambayi amaryar ita kanta tun kafin ranar, wata tana so a tuna da ita, wata kuma in ta fara kuka ba mai iya tsayar da ita. Ki duba ɓangaren ango shi ma.

Kar ki ga kamar tsanani na yi yawa, tantance kalmomin waƙa a gidan biki yana da asali. Malamai suna karanta mana a Bukhari hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, tace Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya shigo wajenta lokacin aurenta, wasu 'yan mata ƙanana suna buga mandiri suna ambaton iyayenta da aka kashe a Badar, sai ɗaya tace a cikinmu akwai Annabin da ya san abinda zai faru gobe, sai yace mata ta bar wannan ta koma kan abinda take faɗa da. Kinga ana tsakiyar murna amma kunnensa na kan abinda ake faɗa, kuma baiti ɗaya ya cire. Ni duk sanda na zauna tantance waƙa wannan nake tunawa.

Sai waƙoƙin da ba da Hausa aka yi ba. Yaran yanzu suna son na Legas, kuma kiɗansu akwai motsa jiki ba ƙarya, amma da yawa in aka fassara miki abinda ake faɗa da Turancin buroka ko Yarbanci, daga siffanta jikin mace sai giya sai kwanan gida, kuma kar ki ce ai ba mai ji, a kowane ƙauye yanzu akwai ɗan ci-rani da ya yi shekaru a kudu, akwai malamin makaranta, akwai ɗan bautar ƙasa, su za su fassara wa sauran a majalisa. Na Indiya ma haka, wata muryar mai daɗi kukan rabuwa ce ko ta mutuwa. Na Larabci kuwa har walima na ga an sa waƙar soyayya tsagwaronta ana zaton ƙasida ce saboda kawai Larabci ne. In baki samu wanda ya ji yaren ya faɗa miki ma'ana ba, ki ce dije ya sa zallar kiɗan ba murya, yawancinmu muna da su, a taka a more ba a ɗau alhakin kowa ba. Na Hausar ma akwai masu batsa a lulluɓe, ana maganar zuma ko abinci amma kowa ya san inda aka dosa, ma'aunin mai sauƙi ne, in ba zaki iya maimaita baitin da bakinki a gaban baffanku ba kar ki bari sifika ta faɗa a madadinki.

Ɗaya gefen kuma, waƙoƙin bege da masu ambaton sunayen Allah ko ayoyi, wajensu walima ko buɗe taro mutane na zaune. Ba a sa su a tsakiyar cashiya ana juyi ana watsa kuɗi ana takawa, wannan rashin ladabi ne ko da niyyar mai kyau ce.

Waƙar siyasa kar ki ko fara. Suna da kiɗa wallahi, mawaƙan sun iya, amma tun zaɓen 2023 akwai gidajen da wa da ƙani basu gama shiryawa ba, kuma rabin waƙar zambo ne ga ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi ba a lura, sa waƙar bikin wasu. Mawaƙi ya yi wa wani ango da amaryarsa waƙa ta yi daɗi ta bazu a wayoyi, sai a ɗauko a sa a naku, ana ta kiran sunan wata da wani da iyayensu da garinsu. In an yi rashin sa'a sunan amaryar cikin waƙar ya zo ɗaya da na uwargida, ko na angon ya zo ɗaya da na tsohon saurayi, kin ga an samu abin faɗa. Sunayen namu kuma ba yawa ne da su ba, haɗuwar bata da wuya ko kaɗan.

Shi yasa in da hali, ko da karo-karo ne ke da 'yan uwa, ku sa a yi wa amaryar waƙa tata. Ba sai an je wajen manyan mawaƙa na Zoo Road a Kano ba, yanzu akwai ƙananan sitidiyo a Dutse da Haɗeja da Gumel, yara masu murya suna yi daidai aljihu. Amma nan ma kar ku miƙa sunaye kawai ku tafi, mawaƙi in ba a ja masa layi ba da kansa zai cusa maƙiya da mahassada dan ya saba. Ki faɗa masa ƙarara gidan mai mata ne, ba habaici ko ɗaya. Ki rubuta masa sunaye da hannunki yadda ake kiran mutane a gida, dan akwai alkunya, surukai ba a kama sunansu gatsau a waƙar da amarya zata taka, a ce Hajiya Babba ko Inna ko Baba Malam yadda aka saba, haka in sunan ɗan fari ne ko sunan da wata a gidan bata faɗa. Jerin ma da tsari, iyaye kafin ƙawaye, ɓangaren ango kar a bar shi a wutsiya. Gwaggonni da kawunnai kuwa ko a kira su duka ko a haɗe su a gaishe su a jimla, dan in kika kira uku kika manta ta huɗu, kuma ita ce ta kawo buhun shinkafa, wannan maganar har ranar suna ana yinta. Kar kuma a zuga ango da abinda bashi da shi, mutum ya sayar da riɗinsa da ragunansa ya yi aure a zo ana kiransa mai daloli mai jirgi, jama'a sun san gaskiya, a yabe shi da noma da riƙon gida da mutunci ya fi masa. Ki ce a turo miki ta WhatsApp ki ji kafin a kammala, kuma a gama aƙalla sati biyu kafin biki dan a samu damar gyara.

Kuma a cikin waƙar nan, in kin ji shawarata, a ba uwargida baiti guda nata, a kira ta da girma, Yaya ko Anti yadda amaryar zata dinga kiranta, uwargida sarautar mata, a ce ga ƙanwa an kawo miki ki riƙe ta amana. Amma a fara aika wata babba ta shaida mata, in tace bata so a kira sunanta a bari, wata kunya take ji wata kuma zuciyarta bata kai nan ba tukuna, kuma haƙƙinta ne. Na sa irin wannan a wurare da dama, na ga uwargida ta taso da kanta ta yi wa amarya liƙi tana share hawaye, dangin miji kuma daga ranar suke ɗaukar gidanku da daraja.

Maganar yawa kuwa, hamsin ta yi yawa nesa. Wuni in an fara wajen ƙarfe uku zuwa magariba awa uku ne, ki cire sallar la'asar, ki cire rabon abinci da surutun emsi da hotuna, abinda zai rage bai fi awa biyu ba, waƙa ashirin ta isa har ta yi saura tunda ta amarya kaɗai sai an maimaita ta sau uku ko huɗu. Ki fara da masu sanyi na addu'a da marhabin lokacin da manya ke zaune, na iyaye mata su biyo su taka su yi liƙinsu su koma, masu zafin na ƙawaye a bar su sai bayan la'asar, a rufe da na nasiha da bankwana. Na nasihar ma a zaɓa, wasu daga farko har ƙarshe aure wuya ne, aure haƙuri ne, miji sai a hankali, dangin miji sai addu'a, yarinya tana zaune ana tsorata ta su kuma dangin mijin suna ji ana zaginsu a fakaice. Ki nemi wadda ta haɗa haƙuri da fatan alheri. Da an fara kiran sallah a kashe gaba ɗaya, ba ragewa ba. Sannan ki sa wani namiji a gidanku ya tambayi mai unguwa ko dagaci tun yanzu, dan wasu garuruwan an sa doka kan dije da kiɗan dare kuma 'yan Hisba suna zagayawa, gara a sani kafin a ba da kafin alƙalami.

In kin gama tacewa ki zuba su a filashi ko memori sabo wanda ba komai a ciki sai su, ki sa musu lamba ɗaya zuwa ashirin, ki kai wa dijen da kanki ko ki aiki ƙaninki, a gaya masa daga wannan ba ƙari. Ki ce ya kashe bulutut ɗinsa, dan yara suna haɗawa da wayarsu daga nesa kawai kiji wata waƙa ta faso. Kuma ki naɗa mutum ɗaya tak wanda in ba shi ya zo ba dije ba zai canja waƙa ba, ko da babbar ƙawa ce ta zo da dubu biyar a hannu, wannan ki faɗa masa a gaban ƙawayen dan ya samu abin kare kansa ranar. In dijen ya nuna ba zai iya wannan sharaɗin ba ki nemi wani tun da sauran lokaci, muna da yawa a yankin nan.